Audi Mai Hoto da Jirgin Surukinsa

Ina tsakiyar auna wa wata mata wake a kasuwar Kurfi, tiya ta huɗu na hannuna, sai wayata ta yi ƙara. Zaharaddin ne, ƙanin Audi. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Yaya Rabe, sai haƙuri. Allah ya yi wa Yaya Audi rasuwa." Wai da safe ya buɗe shago lafiyarsa ƙalau, ya yi shara, ya zauna a kujerarsa. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo aron tsintsiya, ya tarar da shi kife a kan tebur. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, hannuna kuwa bai daina zuba wake ba har ya riƙa zubewa ƙasa. Matar ce ta karɓe tiyar, ta ce, "Malam, zauna."

Yau wata biyu ke nan. Abin da ke ba ni mamaki, duk sa'ad da na keɓe don in yi kukan abokina, sai wani abu nasa ya faɗo mini in kama murmushi ni kaɗai. Audi bai iya murna a zaune ba. In abu ya burge shi sai ya miƙe, ya kama hannunka, ya ja ka ka gani, ko da loma ce a bakinka. Saboda haka ba zan ba da labarinsa da sanyin jiki ba. Zan ba da shi yadda ya yi rayuwarsa, musamman aikinsa na ƙarshe, wanda ya fi kowane faranta masa rai.

A Karofi aka haife shi, gidan manoman gero da wake. Mun haɗu a firamare a Dutsin-Ma, lokacin da aka kai ni riƙo wurin kawuna, benci ɗaya muka zauna shekara shida. Daga ni har shi ba mu yi nisa a karatu ba. Ni na koma Kurfi na bi mahaifina kasuwar hatsi. Shi kuwa yana da shekara ashirin ya sayar da ragon da ya yi wata takwas yana kiwo, ya hau mota zuwa Katsina, ya dawo da tsohuwar kyamara rataye a wuya. Mahaifinsa, Malam Abdullatif, ya yi mako guda bai amsa gaisuwarsa ba. Fim ɗin farko da ya kai aka wanke, hoto talatin da shida, goma sha ɗaya babu kawuna. Wannan bai hana shi zagaya gari yana nuna su ba. "Dubi rigar nan, Rabe," in ji shi, "har aikin wuyan ya fito. Kan ma zai zo."

Kan kuwa ya zo. Kafin shekara biyar ya kama shago kusa da tasha, ya rataya labule mai zanen gidan sama da furanni, kuma da wuya a yi biki tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ba a neme shi ba. Da zamanin fim ya wuce aka koma kwamfuta, shi ya koya wa kansa, yana danne-danne har ya gane. Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoton kansa, abokan sana'arsa da yawa sun rufe shago. Audi bai rufe ba, don akwai abin da mutane ke zuwa nema wurinsa, wanda suke kira hannun Audi. Duk wadda ta zauna gaban labulen nan maganarta ɗaya ce: "Malam Audi, a haska ni." Sai ya ƙara wa fuska haske, ya goge ƙuraje, ya share tabo, goshi ya yi sumul. An taɓa yin wani ango da ya karɓi hoton bikinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam Audi, wannan ma ba laifi, amma ina tawa?" Audi ya fi kowa son ba da labarin nan. Shekara da shekaru hannunsa ya saba da abu biyu, ƙara haske da goge tabo, har yakan yi su yana hira bai ma kalli kwamfutar sosai ba.

Matarsa Rabi'atu 'yar Baba Hamma ce, masuncin da ya yi shekara arba'in yana su a dam ɗin Zobe. Tsakanin Audi da surukinsa akwai kunya irin ta mutanen da. Shekara ashirin da biyu da aure, Audi bai taɓa shiga ɗakin tsohon ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Shi ma tsohon ba ya kama sunansa, sai dai ya ce wa na kusa, "Ku ce wa mai hoto an gode." Audin da bakinsa ba ya rufuwa a ko'ina, a gidan nan kamar an ɗinke shi.

Shekara uku da suka wuce ɓarin jikin Baba Hamma ya shanye, aka ɗauke shi daga bakin dam aka kai shi Birchi wurin babban ɗansa Khalil. Bana kuma ido ya biyo baya. Likita a Katsina ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama ma 'yan watanni suka rage masa. Da Rabi'atu ta je duba shi ƙarshen bazara, ya ce mata 'ya'ya da jikoki duk ya gan su ya gode Allah, abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, jirginsa. Kwale-kwalen katako ne da wani kafinta ɗan Yawuri ya haɗa masa, yana nan kwance a gaɓa inda ya ja shi ranar da ya yi sunsa na ƙarshe. Kai tsohon can ba zai yiwu ba, don hanyar gaɓar sai babur, shi kuwa ko zama ba ya iyawa sai an tallafe shi. Ɗauko jirgin ma ba zai yiwu ba, cikinsa ya ruɓe, ana ɗagawa zai wargaje. Masunta kuma sun ce in damina ta kankama dam ya cika, bana ruwa zai tafi da shi.

Rabi'atu ta faɗa wa mijinta haka suna karin kumallo, tana share hawaye. Audi ya ajiye kofin kunu ya miƙe tsaye.

"To ai aikina ne wannan," in ji shi. "Shekara ashirin da biyu ban taɓa yi wa Baba wani abin a-zo-a-gani ba. Yau Allah ya kawo wanda na iya."

"Baban Mas'uda, ka ƙarasa kunun mana."

"Rufe shi, ina zuwa."

Kurfi ya nufa a babur, ya tsaya gaban rumfata ko kashe inji bai yi ba.

"Na-Kurfi, ɗaure buhunan nan ka hau."

"Ina za mu?"

"Bakin dam. Hoton jirgi za mu ɗauka."

"Jirgin ne zai yi aure?"

"Hau dai, mai wake. A hanya ka ji."

Rana na tsaka muka isa gaɓa. Ruwa ya ja baya sosai, ƙasa ta tsattsage, tsofaffin jirage kusan goma na kwance nan da can, wasu a kife, wasu ciyawa ta tsiro a cikinsu. Wani masunci mai suna Mutawakkil, wanda ya daɗe yana su tare da Baba Hamma, ya nuna mana namu. Audi ya yi ta zagaya shi yana ɗauka, yana fuskantar ruwa, rana na bisa kansa, ruwan na ƙyalli kamar sabon kwanon rufi. Hoto arba'in ya ɗauka cikin ɗan lokaci, ya ce an gama.

Da ya zuba su a kwamfuta ya ga abin da rana ta yi masa. Ruwa da sama sun haɗe sun zama fari fat, jirgin kuwa baƙi ƙirin kamar gawayi. Bai damu ba, a ganinsa ya san maganin abin. Ya ja haske sama yadda yake yi wa amare, har jirgin ya fito toka-toka. Da ya fito sai ya ga jikinsa duk tabo, faci nan, ƙusa can, kwalta ta dalala, katako ya dare. Audi ya ce a ransa ba za a kai wa Baba jirginsa a wulaƙance haka ba. Ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge, har jirgin ya koma kamar yau kafinta ya gama shi. Ya wanke babba, ya sa a firem mai gilashi. Na asalin bai ajiye ba, gyararren ya ɗora a kansa, katin kyamarar kuma ya share shi don akwai biki ranar Asabar.

Ranar da muka kai hoton Birchi, Audi ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Ni na shiga da shi, Khalil da Rabi'atu na ciki. Aka tallafi tsohon ya zauna. Ya kawo firem ɗin dab da idonsa na dama, ya karkata shi nan, ya karkata shi can.

"Farar takarda kuka kawo mani?"

"Hoto ne, Baba," in ji Rabi'atu. "Duba tsakiya."

Ya daɗe yana dubawa. "Ina ganin wani abu kamar hayaƙi. Jirgi ne?"

"Naka ne, Baba."

"Khalil, kai mai ido, duba mani haƙarƙarin dama. Faci nawa ka gani?"

Khalil ya duba, ya sake dubawa, ya kalle ni. "Babu ko ɗaya, Baba."

"To ba nawa ba ne. Nawa faci ukku gare shi, ko cikin jirgi ɗari aka aje shi da su zan gane shi. Wanga sabo ne." Ya tura mini firem ɗin a hankali. "Ku ce wa mai hoto an nuna mashi jirgin wani. Ya sha rana a banza, Allah ya yi mashi albarka."

Audi na bakin ƙofa, duk ya ji.

Muka kama hanyar komowa har muka yi nisa. Can ya tsayar da babur gindin wata tsamiya, ya sauka, ya riƙe ƙugu.

"Rabe, ka san abin da na yi? Kwalliyar amarya na yi wa jirgi."

"Kyau kam ya yi."

"Tsoho na neman abokinsa, na kai mashi baƙo." Sai kuma na ga idonsa ya fara wannan ƙyallin da na sani tun muna firamare. "Kuma ka lura? Farar takarda ya ce. Ni ina ƙara haske don ya gani, ashe hasken ne ke ɓoye mashi jirgin. Kai, ashe ban iya hoto ba. Shekara kusan talatin, ashe yanzu zan fara." Yana faɗa yana dariya, kamar wanda aka yi wa bushara.

A makon nan aka yi ruwan farko mai ƙarfi, manoma suka fita shuka. Audi ya san kwanakin jirgin ƙidayayyu ne, na idon ma haka. Duk da haka bai ruga dam ba, ya ce sai ya san yadda Baba ke gani tukuna. Ya ɗaure idonsa na hagu da ɗankwalin Rabi'atu, ya samo farar leda irin ta ƙulla sukari, ya ninka biyu ya kara a na dama, ya bi hotunan da ke bangon shagonsa yana kallo. Duk amaren da ya haska suka ɓace, sai fari-fari. Wanda ya tsaya daram shi ne wani tsohon hoton mahaifinsa mara launi, baƙar fuska cikin farin rawani. Nan ya gane cewa idon da ya raunana so yake baƙi ya tsaya a baƙinsa, fari a farinsa, su yi iyaka da juna. Yawan haske ba abin da ke ƙara masa.

Daga nan ya koma kan turmin gidansa, don shi ne tsohon icen da ke kusa. Ya fito da shi tsakar gida yana ɗaukarsa hoto da hantsi, da azahar, da la'asar.

"Baban Mas'uda, daka zan yi," in ji Rabi'atu.

"Minti biyar."

"Tun jiya kake minti biyar. In ba a yi tuwo ba yau, hoton turmi za a ci?"

Turmin ya koya masa abu biyu. Da sassafe, in rana ta bugo daga gefe, kowace tsaga takan yi 'yar inuwarta ta fito fili, da rana ta yi tsaka kuwa sai duk su shafe. Na biyun Rabi'atu ce ta jawo shi ba da niyya ba. Ta gaji da jira, ta ja turminta ta wanke, ice ya jiƙe ya yi duhu, sai ga zanen jikinsa ya fito raɗau, ƙarfen da aka ɗaure bakinsa da shi na walƙiya. Audi ya fita waje ba takalmi yana neman wanda zai nuna wa. Mai tallar itace ya samu, shi ya jawo har tsakar gida.

Na kwana a Dutsin-Ma, muna idar da sallar asuba muka kama hanyar dam da bokiti biyu. Da muka isa gabanmu ya faɗi. Inda muka taka busasshiyar ƙasa kwana goma da suka wuce ya zama laka, tsakanin ruwa da jirgin bai fi taku goma sha biyar ba. Mutawakkil na gyaran koma, ya ajiye ya taso. Wannan karon Audi bai taɓa kyamara ba sai da ya ce, "Malam Mutawakkil, don Allah nuna mani facin nan uku da hannunka." Ya nuna masa. Ɗaya na langa-langa, ɗaya na gwangwani, ɗaya na wani katako da bai yi kama da sauran ba.

Sai aiki. Ni ke ɗibar ruwa ina kwarara wa jirgin, Audi na ta cewa ƙara nan, ƙara can. Katakon ya sha ya yi baƙi, facin ƙarfen nan biyu suka fito kamar an kunna su. Ya zagaya ya sa rana a kafaɗarsa ta hagu, ya durƙusa cikin laka da wandonsa na Juma'a don jirgin ya tsaya a gaban ruwa, ruwan kuma lokacin bai fara ƙyalli ba. Ya rage hasken da ke shiga kyamara. Ya ɗauka, ya duba, ya girgiza kai. Ƙasan jirgin, inda facin katako yake, inuwa ta cinye shi.

"Na-Kurfi, tuɓe rigarka."

"Ban gane ba."

"Fara ce. Ka baza ta a hannu ka tsaya can, ta tare rana ta maido wa ƙasan jirgin."

"Ni da iyalina da mutuncina, in tsaya da singileti gaban masunta?"

"Kifi ne kawai ke kallonka, su ma ba su san ka ba. Yi sauri, rana na tashi."

Na tuɓe. Mutawakkil ya yi dariya har ya zauna a kan komarsa. Hasken rigar ya faɗa ƙarƙashin jirgin a hankali, facin katakon ya fito har da ƙusoshinsa. Audi ya danna, ya duba, ya sake dannawa, sai ya miƙe ya fara tsalle cikin laka, mutum mai shekara kusan hamsin. "Ya fito, wallahi ya fito. Zo ka gani. A'a, kar ka zo, tsaya inda kake." Kafin rana ta ɗaga ta ɓata wurin ya samu guda tara.

Kwana uku ya yi a gaban kwamfuta, masu son fasfo na zuwa yana ba su haƙuri. Ya cire launi gaba ɗaya, ya bar baƙi da fari. Ya ƙara wa katakon duhu, ya bi facin ɗaya-ɗaya ya ɗaga haskensu kaɗan, ya rage wa sama fari don kada ta ja ido, ya bar ruwan ya fi jirgin haske don siffarsa ta yanke sosai. Da farko ya zarce, baƙin ya yi yawa har tsagar katakon ta nutse a ciki, sai ya ja baya. Ya ce mini abin da ya fi ba shi wuya hannunsa ne. Da ya ga tabo sai hannun ya tafi gogewa da kansa, sai ya buge shi da ɗayan. Duk wanda ya wanke na gwaji sai ya ɗaure ido, ya kara leda, ya duba. Shida ya yar. A na bakwai ne ya ga facin nan uku ta cikin leda, ya ƙirga su da ƙarfi har tela ya leƙo. Ya kai Katsina aka wanke masa babba, kusan girman sallaya, a takarda mara sheƙi. Gilashi kuwa ya ce a bar shi, don gilashi na maido haske, kuma mai raunin ido yakan so ya taɓa abin da yake nema.

Saboda girman hoton da hadarin da ke sama, a mota muka je Birchi wannan karon. Khalil ya tare mu a zaure, ya ce kada mu sa rai da yawa, kwanan nan Baba ba ya bambance fuska sai an yi magana. Audi ya roƙa a matso da tsohon kusa da ƙofar ɗaki, a juya bayansa ga haske, hoton ya fuskanci waje. Shi kuma ya koma bayan katanga ya durƙusa, tunda yanzu tsohon ne a ƙofar da ya saba tsayawa.

Na riƙe gefe ɗaya, Khalil ya riƙe ɗaya. Baba Hamma ya matso da fuskarsa. Babu mai motsi. Kaza ta shigo, Rabi'atu ta kore ta da ƙafa. Sai hannunsa mai lafiya ya ɗago, yatsa ya bi bakin jirgin daga kai, ya gangaro haƙarƙari, ya tsaya.

"Ga na jajibiri," in ji shi.

"Na'am, Baba?"

"Langa-langar nan. Jajibirin babbar salla na hau kututturen da ruwa ya rufe, jirgi cike da karfasa. Da hulata na toshe har na kai gaɓa." Yatsan ya matsa. "Ga gwangwanin man gyaɗa. Shekarar da aka haife ki, Rabi. Uwarki ta yi kwana biyu tana neman gwangwaninta." Ya fara dariya, ɓarin bakin da ke motsi na rawa. Yatsan ya sauka ƙasa, ya daɗe a kan facin katako. "Wanga ƙyauren ɗakin inna ne. Da ta rasu ɗakin ya faɗi, na ce ba za a hura wuta da shi ba."

Rabi'atu ta rufe fuska da mayafi. Tsohon ya ja baya kaɗan, ya kalli jirgin gaba ɗaya.

"Shi ne. Ya tsufa, ja'iri. Ya ma fi ni lalacewa." Ya shafa shi da tafin hannu yadda ake shafa kan jika. "Ina mai hoton? Ku ce ya shigo."

Daga bayan katanga muryar Audi ta fito, ƙasa-ƙasa. "Ina nan, Baba. Ina ji."

"Shigo mana."

"Nan ma ya isa, Baba."

Duk yadda aka yi da shi ya ƙi. Tsohon ya ɗaga murya ya yi ta sa masa albarka ta saman katanga, shi da 'ya'yansa da hannunsa da idonsa, Audi na amin, amin, ba ya ganin kowa, ba mai ganinsa.

Mako biyu bayan haka ruwa ya tafi da jirgin, Mutawakkil ne ya aiko ya faɗa. Idon Baba Hamma kuma ya rufe gaba ɗaya kafin a yi sadakar arba'in ta Audi. Hoton na nan jingine a gefen gadonsa. Khalil ya ce har yanzu in baƙo ya zo, tsohon yakan kama hannunsa ya ɗora masa a kan facin ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa kuskure ba. Audi bai ji ko ɗaya daga cikin wannan ba. Kwana biyu ya ƙara a duniya bayan zuwanmu Birchi.

A ranar da muka je Birchin, Rabi'atu ta tsaya kwana wurin mahaifinta, mu kuma muka sauka Kurfi, na raka shi tasha ya shiga motar Dutsin-Ma. Ya samu gefen taga, ni ina tsaye a waje, ana jiran mutum biyu. Tun a hanya yake damuna da tambaya ɗaya, don shi da ya ƙare rayuwarsa yana kallon fuskokin mutane, wadda ya fi so ya gani ta wuce shi yana bayan katanga.

"Sake faɗa mani. Da yatsan ya tsaya, yaya fuskar ta yi?"

"Audi, sau huɗu ke nan."

"Ka ƙara ɗaya, mota ba ta cika ba."

"Girarsa ta ɗaga. Sai bakin ya buɗe kaɗan."

"Ta wane gefe?"

"Na dama mana, wanda ke motsi."

"Idon fa? Ya kawo ruwa?"

"Ya kawo. Amma dariya ta riga shi."

Ya buga cinyarsa, ya juya ga mutumin da ke kusa da shi, wanda ko saninsa bai yi ba, ya ce, "Ka ji ko, Alhaji? Dariya ta riga." Mutum biyun suka zo, direba ya tada mota. Audi ya leƙo da kai ta taga.

"Ba ka iya ba da labari ba, mai wake. Ka bar rabi. Ranar Juma'a ina zuwa, ka faɗa mani daga farko, a tsanake."

"Ka zo da goro, ba na yin kyauta."

"Ƙwarya guda," in ji shi. "Allah ya kai mu."

Na ce, "Amin."